Young Perez: ɗan Tunis da ya riƙe kambun duniya shekara guda

Duk ƙarshen zangon karatu aikina ɗaya ne da na sauran malamai a nan Suki: in tara maki, in jera sunayen yara daga na ɗaya har na ƙarshe, in liƙa takardar natija a ƙofar aji. Bara akwai wani yaro a ajina wanda ya fi kowa ƙanƙanta a jiki, har abokansa na tsokanarsa wai iska mai ƙarfi za ta iya jefa shi cikin bahar. A zangon farko ya zo na ɗaya. A zango na biyu ya sauko na huɗu, ya yi kwana uku bai leƙo makaranta ba don kunya. Na bi shi gida, na same shi zaune a zaure, na rasa ta inda zan ɓullo masa. Sai na tuna da wani ɗan dambe da na karanta tarihinsa tun ina kwalejin horon malamai, mutum ɗan tsurut, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya, bayan shekara guda aka sauke shi. Na ba yaron labarin, amma rabi na ba shi, domin sauran ya fi ƙarfin shekarunsa. Ku kam manya ne, yau zan kawo muku shi cikakke.

Sunan mutumin Victor Perez, amma duniya ta san shi da Young Perez.

Ajin masu nauyin ƙuda

Kafin mu shiga rayuwarsa, bari in ɗan yi shimfiɗa. A dambenmu na gargajiya da kakanninmu suka baro a ƙasar Hausa, ba a kawo sikeli fage. Da ido ake auna abokin karo, in ka ga za ka iya sai ka naɗe hannu ka shiga. Damben boksin, wanda a nan muka fi ji da sunan mulakama, ba haka yake ba. An raba 'yan wasa aji-aji bisa nauyin jiki, kuma kafin kowane wasan kambu sai an ɗora mutum a kan ma'auni. A zamanin da muke magana a kai aji takwas ne, kuma mafi ƙanƙantarsu shi ne wanda Larabawa ke kira wazanuz zubaba, wato ajin nauyin ƙuda. Iyakarsa fam 112, kilo 50 da giram 800 ke nan. In ka ɗara da ko rabin fam, ba ka da damar neman kambun a wannan rana, in kuma kai ke riƙe da shi, yana iya suɓuce maka tun ba a ɗaga hannu ba.

Ka duba fa, kilo hamsin. Buhun sukari guda. Amma masana wasan sun ce a wannan aji ake ganin gwanintar tsantsa, domin ƙaramin mutum ba shi da ƙarfin da zai ɓoye kuskurensa a bayansa, sai zafin nama da ƙafa da lissafi.

Yaron unguwar Hara

An haifi Victor a birnin Tunis ran 18 ga Oktoba 1911, lokacin Tunisiya na ƙarƙashin Faransa, wadda ta ɗora mata hannu tun 1881. Iyayensa Yahudawa ne talakawa, mazauna tsohuwar unguwar Yahudawan birnin da ake kira Hara, mai lunguna matsattsu da cunkoson jama'a. Mahaifinsa ƙaramin ɗan kasuwa ne. Larabci suke yi a gida da kasuwa kamar maƙwabtansu Musulmi, ga Faransanci na makaranta da ofis.

Yana ɗan shekara 10 wani abu ya faru a Paris da ya girgiza yaran Afirka masu sha'awar dambe. A watan Satumba na 1922 wani baƙar fata ɗan Senegal, haifaffen Saint-Louis, mai laƙabin Battling Siki, ya buge Georges Carpentier, gwarzon Faransa baki ɗaya, ya karɓe kambun duniya na ajinsu. Siki ya zama gwanin Victor. Da ya kai shekara 14 ya fara atisaye a ƙungiyar wasanni ta Maccabi da ke Tunis, tare da wansa Benjamin, wanda shi ma ya yi dambe da sunan Kid Perez. Don mai karatu ya gane lokacin, wajen 1925 ke nan, shekarar da aka gama ginin khazzan na Sinnar, wanda iyayen kakanninmu da yawa suka ɗauki dutse a cikinsa.

Tsawonsa bai wuce santimita 155 ba, kuma a nan ya tsaya har ya mutu. Ba mai nauyin hannu ba ne. Abin da Allah Ya ba shi shi ne sauri: ya shigo, ya sakar maka uku, kafin ka rama ya bar wurin. Da ya ga Tunis ta yi masa kaɗan, sai ya tsallaka teku zuwa Paris tun bai cika shekara ashirin ba. Can ya faɗa hannun wani manaja mai suna Léon Bellières, ya shiga yin ƙananan wasanni a kai a kai, yadda 'yan damben wancan zamani ke yi don su ci abinci su biya kuɗin ɗaki. A watan Yuni na 1931 ya doke Valentin Angelmann da maki a turmi 15, ya zama zakaran Faransa. Turmi shi ne zagaye, kowanne minti uku.

Kambu ɗaya, masu shi da yawa

To a nan sai mun dakata mu duba wane kambu ne ma yaron nan yake hari, domin a lokacin amsar ba ɗaya ba ce.

Mutumin farko da duniya ta amince da shi a matsayin zakaran wannan aji shi ne Jimmy Wilde, ɗan yankin Wales na Birtaniya, wanda ya taso yana aiki a ramin haƙar kwal. Ya hau a 1916, kuma sau da yawa ko nauyin ajin ba ya cikawa, amma yana kayar da waɗanda suka fi shi. Ya riƙe har 1923. A wannan shekara akwai samari biyu da ke bakin ƙofa: Pancho Villa ɗan ƙasar Filifin, da Frankie Genaro ɗan New York, wanda ya ci zinare a wasannin Olamfik na 1920 a Antwerp. A watan Maris suka kara, Genaro ya ci da maki, ya karɓi kambun Amurka. Bisa hankali shi ya kamata ya fuskanci Wilde. Amma masu shirya wasa suka ga Villa ya fi jan 'yan kallo, sai suka tsallake wanda ya ci suka ɗauko wanda aka ci. A watan Yuni, a filin Polo Grounds na New York, Villa ya kwantar da Wilde a turmi na 7. Ka ga tun daga nan kuɗin ƙofa ya fara shiga tsakanin cancanta da kambu.

Villa bai daɗe ba. A watan Yuli na 1925 ya shiga wasa da ciwon haƙori, ciwon ya rikiɗe ya bi maƙogwaro, ya rasu a San Francisco yana da shekara 23, da kambunsa a hannu. Bayansa Fidel LaBarba ya doke Genaro a 1925, ya doke Elky Clark ɗan Scotland a farkon 1927, kowa ya yarda shi ne sarki. Kwatsam sai ya ajiye kambun ya tafi karatu Jami'ar Stanford. A matsayina na malami ba zan ga laifinsa ba, amma tafiyarsa ta bar gida a hargitse.

Dalili kuwa, hukumomin da ke naɗa zakara ba ɗaya ba ne. Akwai NBA, ƙungiyar jihohin Amurka da aka kafa a 1921, wadda ta koma WBA a 1962. Akwai hukumar wasanni ta jihar New York, mai cin gashin kanta. Akwai IBU a Turai. Ga kuma mujallar The Ring, da ta fara fita a 1922, wadda daga tsakiyar shekarun 1920 take buga jerin gwanayen kowane aji. Kowace da nata littafi. A ƙarshen 1927 New York ta naɗa Izzy Schwartz, NBA ta naɗa Frenchy Belanger ɗan Kanada. A watan Fabrairu na 1928 Genaro ya ƙwace na Belanger. A watan Maris na 1929 Bafaranshe Émile Pladner ya kwantar da Genaro a Paris cikin ƙasa da minti guda, bayan 'yan makonni Genaro ya karɓo abinsa saboda an kama Pladner da bugun da doka ta hana. A 1930 kambun New York ya koma hannun Midget Wolgast. A watan Disambar wannan shekara aka haɗa Wolgast da Genaro don a raba gardama, suka yi turmi 15, alƙalai suka ce canjaras. Kowa ya koma gida da nasa.

Haka abin yake lokacin da Genaro ya sauka Paris a kakar 1931, riƙe da kambun NBA da na IBU, yana da shekara 30, ya ga jiya ya ga yau.

Daren Paris

A ƙarshen watan Oktoba na 1931, mako guda bayan Victor ya cika shekara 20, aka sa su a zauren Palais des Sports. An shirya turmi 15. Wanda ya san tarihin mutanen biyu zai ce in ma yaron zai yi wani abu, sai dai ya yi ta zille-zille ya nemi maki, tunda ba a san shi da kisa ba. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A turmi na 2 ya sami Genaro da naushin da ya kai shi ƙasa, alƙali ya ƙirga har goma bai miƙe ba. Cikin mintoci kaɗan yaron Hara ya zama zakaran duniya.

Yana cikin 'yan Afirka na farko-farko da suka kai wannan matsayi. Sai bayan shekara 26, a 1957, Hogan Kid Bassey na Najeriya ya ci nasa kambun, shi ma a Paris, inda ya doke Chérif Hamia ɗan Aljeriya. Da Victor ya koma Tunis, gari ya fito tarbarsa kamar ana bikin salla. Ka tuna ƙasa ce da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, ga ɗanta ya tafi babban birnin masu mulkin ya kayar da Ba'amurke a gabansu.

Sai dai ko a wannan dare, a littafin New York sunan Wolgast ne a sama. Victor zakaran duniya ne a Paris da Tunis da mafi yawan jihohin Amurka, amma a birnin da Genaro ya fito shi mai neman kambu ne kawai. Shi da Wolgast ba su taɓa haɗuwa an raba wannan gardama ba.

Shekara guda a sama

Hawa daban, zama daban. Yaro ɗan shekara 20 da ya taso cikin rashi, ga kuɗi sun shigo, ga Paris ta buɗe masa ƙofofinta. Ya shiga rayuwar dare, ya yi soyayya da Mireille Balin, wadda daga baya ta zama babbar tauraruwar fina-finan Faransa, atisaye kuwa ya ja baya. Ga ɗan ajin ƙuda wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Mai babban nauyi in ya ƙara kilo biyu ba wanda zai lura. Shi kuwa kilo biyu na nufin kwanaki na yunwa da ƙishirwa da gumi kafin ranar awo, ya hau fage jikinsa a tsotse.

A wancan zamani zakara kan yi wasanni da yawa ba tare da ya sa kambunsa a faifai ba. Dabarar ita ce a yi yarjejeniya a kan nauyin da ya ɗara iyakar aji, ta yadda ko an cinye shi kambun na nan. Victor ya yi irin waɗannan. A watan Satumba na 1932 ya je Newcastle ta Ingila, wani saurayi ɗan garin mai suna Mickey McGuire ya kwantar da shi a turmi na 2. McGuire ya buge zakaran duniya a gaban jama'a, amma in ka duba jerin zakaru ba za ka ga sunansa ba, domin a takarda ba wasan kambu ba ne. Alama ce dai ta bayyana ga mai ido.

Ran 31 ga Oktoba 1932 ya shiga zauren Belle Vue na Manchester don kare kambunsa a gaban Jackie Brown, ɗan garin, da dubban mutanensa a baya. Victor ya yi ta maza har turmi na 13, inda duka ya yi masa yawa, mutanensa suka jefa tawul. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki, mulkin ya ƙare. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Bai zauna ba, kuma wannan ne ɓangaren da na fi jaddada wa ɗalibina. Da ya ga jikinsa ya ƙi komawa fam 112, sai ya hau aji na gaba mai iyakar fam 118. Rashin sa'arsa, sarkin wannan aji a lokacin shi ne Panama Al Brown, dogo siriri wanda ya fi shi tsawo da fiye da tafin hannu biyu, mai dogon hannu kamar gora. A watan Fabrairu na 1934 suka kara a Paris, Victor ya kai ƙarshen turmi 15 a tsaye, aka ba Brown da maki. A watan Nuwamba suka sake haɗuwa a Tunis, gaban mutanen garinsu, Brown ya kwantar da shi a turmi na 10. Daga nan bai sake samun damar kambun duniya ba, amma ya ci gaba da dambe har shekara huɗu. Jimillar wasanninsa ta haura 130, ya ci kimanin 90.

Shi kuwa kambun da ya bari, Jackie Brown ya riƙe shi har Satumbar 1935, lokacin da Benny Lynch ɗan Scotland ya ƙwace a turmi na 2. A wannan shekara Small Montana ɗan Filifin ya karɓe na Wolgast. A watan Janairu na 1937 Lynch ya doke Montana a Landan, aka koma sarki ɗaya bayan shekara goma ana rabe. Shi ma Lynch a kan sikeli ya rasa nasa a 1938, giya ta ci shi, ya mutu a 1946 yana da shekara 33.

Guguwar Turai

Ɗaya daga cikin wasannin Victor na ƙarshe a Berlin aka yi shi, a watan Nuwamba na 1938, da Ernst Weiss ɗan Austriya. Kwanakin nan ne 'yan Nazi suka bi dare suka ƙone wuraren ibadar Yahudawa, suka farfasa shagunansu a faɗin Jamus, a daren 9 zuwa 10 ga wata. Cikin wannan gari Bayahuden Tunis ya hau fage, aka ba Weiss da maki. Kafin shekarar ta fita ya ajiye safar hannu, yana da shekara 27, ya ci gaba da zama a Paris.

A watan Yuni na 1940 sojojin Jamus suka shiga Paris. Dokoki suka fara fita ɗaya bayan ɗaya: a yi rajistar Yahudawa, a hana su wasu ayyuka, daga 1942 kuma a tilasta musu liƙa tauraro rawaya a ƙirji. A 1943 wani ya tona inda Victor yake, aka kama shi, aka kai shi sansanin Drancy da ke gefen Paris. Ƙasar da ya ɗauki kambunta shekara 12 da suka wuce, a cikinta aka tsare shi. Ran 7 ga Oktoba 1943 aka loda shi cikin jirgin ƙasa na 60 a jerin jiragen da suka kwashi Yahudawan Faransa, su 1,000 a taragon kaya. Bayan kwana uku suka isa Auschwitz, a ƙasar Poland da Jamus ta mamaye. Aka ware waɗanda za a kashe nan take, aka ware masu sauran ƙarfi don aiki. Victor ya faɗa kashi na biyu. Aka zana masa lamba 157178 a hannu, aka tura shi Monowitz, reshen sansanin da ke yi wa kamfanin IG Farben bauta a masana'antar roba.

Shugaban wannan reshe, Heinrich Schwarz, mai sha'awar dambe ne. Da aka gane wane ne sabon fursunan, sai aka sa shi cikin waɗanda ake fito da su su yi dambe don nishaɗin masu gadi, wani lokaci da ƙattin da suka fi shi nauyi nesa ba kusa ba. A nan ba sikeli, ba aji, ba hukuma. Ladan ɗan dambe shi ne ƙarin ludayin romo, kuma a wurin da yunwa ke kashe mutane kullum, wannan ludayi shi ne tsakanin rai da mutuwa. An kuma sa Victor aiki a madafa. Waɗanda suka tsira, ciki har da Noah Klieger, wanda ya shiga sansanin yana matashi, daga baya ya zama ɗan jarida, sun ba da shaidar cewa Victor kan faki ido ya fitar da abinci ya raba wa 'yan'uwansa fursunoni. In an kama shi, hukuncin na iya zama rai. Ya sani, ya ci gaba.

Ya yi wata 15 a wurin. Ran 18 ga Janairu 1945, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, masu gadi suka kora dubban fursunoni a ƙafa cikin dusar ƙanƙara zuwa garin Gleiwitz, tafiyar kilomita sama da hamsin. Wanda ya gaza a harbe shi a bakin hanya. Victor ya kai Gleiwitz da ransa. Bisa shaidar waɗanda suke tare da shi, a can ya samo buhun burodi, ya saɓo shi yana nufin abokan tafiyarsa da suka kwana biyu ba su ci ba, wani mai gadi ya buɗe masa wuta. Yana da shekara 33. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 27 ga wata, sojojin Sobiyet suka shiga Auschwitz. Ba shi da kabarin da za a nuna.

Abin da jeri ke faɗa

Na sha buɗe jerin zakarun wannan aji in tsaya a kan layinsa. Suna, ranar hawa, ranar sauka. Genaro a samansa, Jackie Brown a ƙasansa. Shi ke nan. Yau ma da hukumomin suka zama huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da zakaranta da jerin gwanayenta, tsarin bai canza ba: layi ɗaya ga kowane mutum. Jerin na da amfaninsa, ba na musu. Da babu shi, da wa zai san cewa wani yaro daga lungun Tunis ya taɓa kayar da mai zinaren Olamfik? Amma mun ga yadda aka tsallake Genaro a 1923, mun ga McGuire da ya buge zakara bai shiga ba, mun ga Victor da wani littafi ya ɗauka wani ya bari. Mutane ne ke rubuta shi, da dokokinsu da son ransu. Buhun burodin Gleiwitz kuwa babu gurbinsa a ciki ko kaɗan.

Akwai jeri na biyu da sunansa ke ciki. A wurin tunawa da kisan Yahudawa da ke Paris an gina bango, an sassaƙa sunayen mutum kimanin 76,000 da aka kwasa daga Faransa. A can ba na ɗaya ba na ƙarshe, bisa shekara da harafi aka jera su. An daɗe ba a ambatonsa sosai, har sai da aka yi fim a kansa a 2013, inda Brahim Asloum, Bafaranshe ɗan asalin Aljeriya wanda ya ci zinaren dambe a Olamfik na Sydney a 2000, ya fito a matsayinsa.

Na san wani zai ce, ustaz, duk mutanen duniya ka rasa wanda za ka kawo mana sai Bayahude? Amsata gajeriya ce. Wanda aka kama don asalinsa, aka bautar, aka harbe yana ɗauke da abincin mayunwata, an zalunce shi, ko ɗan wane ne. Kuma mu da kakanninmu suka biyo hanyar hajji, wasu suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin bahar ɗin nan suka nome hawasha, mun san yadda ake yaba wa mutum aikinsa da safe, da yamma a tambaye shi daga ina ya fito. Ban haɗa abin da ya same shi da namu ba, Allah Ya kiyaye. Amma in na karanta cewa zakaran Faransa ne aka loda a jirgin kaya daga Faransa, jikina kan yi sanyi.

Komawa aji

Ranar da na zauna da ɗalibina a zaurensu, na tsaya ne a Manchester da Panama Al Brown. Na gaya masa an taɓa yin wani ɗan ƙaramin mutum kamarsa da ya zama na ɗaya a duniya, aka sauke shi, washegari bai ɓuya a ɗaki ba, ya koma atisaye ya nemi wanda ya fi shi tsawo. Yaron ya tambaye ni ko ya sake zama na ɗaya. Na ce a'a. Ya yi shiru, ya ɗan jima, sannan ya tashi ya ɗauko jakarsa. A zango na uku ya zo na biyu.

Har yanzu ina jera sunaye, domin aikina ne, iyaye kuma suna son su gani. Sai dai tun daga lokacin na ƙara wani abu. In na miƙa wa uba takardar ɗansa, nakan ɗan tsayar da shi in gaya masa abin da takardar ba ta ɗauka ba: wannan shi ke koya wa na bayansa lissafi in an tashi, wancan shi ya raba fatur ɗinsa da wanda bai zo da komai ba. Wasu iyayen kan saurara, wasu lambar kawai suke nema. Shi kuwa yaron nan, in Allah Ya kai mu ya ƙara shekaru, zan kira shi in cika masa sauran labarin, tun daga Drancy har Gleiwitz.

Allah Ya kare mu daga zalunci, Ya hana mu zama azzalumai.